GARGAƊI: mai saida injin rotari turbo a Facebook ya yi mani sakiyar da ba ruwa, dan Allah ku kiyaye

Salam jama'a. Wlh na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan abu saboda kunya nike ji, mutum da girmanshi da iyalinshi a ce an zaunar da shi an yi mashi wayo kaman ɗan firamare, amma shekaranjiya wani bawan Allah daga Daura ya samu lambata wajen yaran gareji ya kira ni yana tambaya ko na san mutumin, ashe shi ma har ya tura kafin alƙalami, shi ne na ce to shirun ya isa haka. Ba zan kama suna ba don maganar tana hannun hukuma, kuma ko na kama ba amfani, sunan shafin nashi sau ukku yana canzawa daga sallah ƙarama zuwa yanzu. Yadda yake aiki zan gaya maku, shi ne ba ya canzawa.

Ƴan unguwarmu ta wajen Ƙofar Sauri sun san motar, Mazda RX-7 ce ta 1983, ja, mai fitilun nan da ke buɗe ido su rufe, muna yara mai ƙyafta ido muke ce mata. Kawuna ne Allah ya jiƙanshi ya zo da ita lokacin da ya dawo karatu daga Amurka, bayan rasuwarshi ta zauna a garejin gida shekara da shekaru kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, da aka zo rabon gado ba wanda ya kalle ta sai ni. Injinta 12A ne, mai kafireto, kuma ya riga ya kame tun tuni ko da ƙarfe ba ya juyawa.

Ga wanda bai san irin injin ba, rotari ake ce mashi, don nan ne duka damfarar ta samu wurin zama, shi ba fistin, ba bawul, ba top da za a ce an ɗaga an canza gaskit. Wani ƙarfe ne mai kusurwa ukku kaman samosa, ana ce mashi rota, yana juyawa cikin wani gida mai siffar ɓawon gyaɗa mai ƙwaya biyu, rota biyu ke cikin inji ɗaya, kowace da fulogi biyu. A bakin kowace kusurwa akwai wani siririn ƙarfe da ke shafar bangon gidan yana tare iska, masu harkar na ce mashi efeks sil, shi ne kaman ringi a injin fistin, kuma shi ne ran injin baki ɗaya. Wani Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙiro shi, Mazda suka riƙe shi tun 1967 da motarsu Cosmo, har suka ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da shi a 1991, wannan labarin kau mun sha shi a bakin Kawu har mun haddace. To a duk Katsina in ka tara bakanike ɗari da wuya ka samu biyu da suka taɓa buɗe irinshi, kuma mutumin nan ya san da haka sarai.

Ni burina ba in maido 12A ba ne, kwaɗayi ya ja ni, na ce tunda za a taɓa a taɓa da kyau, a sa mata yayanshi 13B mai turbo, wato fankar nan da hayaƙi ke juyawa tana cusa ma inji iska don ƙarin ƙarfi, kaman yadda nike gani ana yi a YouTube. Na rubuta cigiya a wani guruf na masu tsoffin motoci, ko awa biyu ba a yi ba sai ga saƙo ta inbos, da Hausa tsaf, ranka ya daɗe Alhaji na ga kana neman rotari, akwai guda ɗaya da ya shigo mani daga Japan yana shagona a Legas, 13B-REW na RX-7 ƙirar ƙarshe, mai turbo biyu, da birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, da wayarin ɗinshi komai cif. Wannan shi ne injin da Mazda ta sa a RX-7 daga 1992 zuwa 2002, wanda ya fara da ƙarfin doki 255, duk mai son rotari shi yake mafarki. Ya turo hotuna, ya turo bidiyo injin na kan wata shuɗiyar tamfol an tada shi yana wannan kukan nasu na burum burum, ya ce naira miliyan 3 da dubu 200, kuma wai don ni ɗan'uwa ne ɗan arewa, in Inyamuri ne ko Bayarabe ba zai saki ƙasa da 5 ba. Na leƙa shafin nashi na ga kwamen sun fi talatin, Allah ya saka oga kaya sun iso lafiya, oga mai amana, yanzu da na koma na bi su ɗaya bayan ɗaya duka akawun ne marasa hoto da aka buɗe a wata guda.

Na kai ma bakanikena maganar, dattijo ne da ke da gareji ta wajen Ƙofar Kaura, tun zamanin 504 yake sana'ar kuma shi ke duba ma Kawu motar nan a da, Baba muke ce mashi. Ya kalli bidiyon sau biyu ya miƙo mani wayar ya ce, Alhaji ƙarami ni dai ban taɓa sayen inji ban sa hannuna na juya shi ba, ka biya ma yarona kuɗin mota ya je Legas ɗin ya gani. Na gaya ma mutumin haka, bai musa ba ko kaɗan, ya ce ai wannan shi ne daidai Alhaji, addini ma ya ce a gani kafin a saya, sai dai akwai wani daga Abuja da zai turo kuɗi gobe da safe, in ina so ya riƙe mani in sa wani abu. Wlh daren nan ban yi barci ba ina ganin injin na tafiya Abuja. Da asuba na tura miliyan 1 da rabi, cikin kuɗin filin da na saida ta hanyar Jibiya, ban gaya ma Baba ba ban gaya ma uwargida ba. Sunan da ya fito a akawun ɗin ba nashi ba ne, na tambaya ya ce na yaron shagonshi ne, nashi ya kai limit.

Daga nan labari ya fara juyawa. Injin da aka ce yana shago a Legas sai ya koma yana Kwatano, wai kwantenar ce ba a gama fiddawa ba, bidiyon kuma yaranshi na can suka ɗauka, don haka ba amfanin yaron Baba ya taso yanzu. Bayan kwana shidda ya kira da murya kaman zai yi kuka wai an riƙe kaya a boda sai an biya dubu 380, in taimaka zai cire a cikin balas. Na ce mu yi bidiyo kol in ga injin, kullum netwok, ko yana masallaci, ko yana tuƙi. Amma foyis not kam ba ya gajiya, minti biyar biyar, da addu'a a farko da addu'a a ƙarshe, yana tambayar ya jikin Hajiya don na taɓa ce mashi ba ta da lafiya. Wanda kuɗinshi ya riga ya shiga hannun wani ya san yadda abin yake, ba ka son ka yarda an cuce ka sai ka riƙa ƙara wani kuɗin don ka ceto na farko. Na tura.

Abin da ya bambanta shi da sauran ƴan damfara, kuma shi ya sa nike ganin ya fi su haɗari, shi yana turo kaya. Sati ukku bayan nan ya turo hoton akwatin katako da sunana da lambata an rubuta da maka a jiki, ana loda shi a motar kaya, da takardar webil, ya ce in cika balas miliyan 1 da dubu 700 kafin mota ta tashi in ba haka ba a sauke. Na ce ina dubu 380 da za a cire, ya ce Alhaji dala ta tashi wlh ko sisi bai ci ba. Na cika. Na kuma biya dubu 70 na dako da kaya suka iso. Ku haɗa lissafin da kanku ni ba na son sake haɗawa.

Ranar da muka buɗe akwatin a gareji har da masu shayin gefe sun zo kallo. Gaskiya a ido ya yi kyau, an wanke shi an fesa mashi fenti ruwan azurfa har kan notuna, ga 13B da MAZDA rubuce a jikin gidan rota ɓaro ɓaro, ni har na fara cewa alhamdulillah. Baba bai ce komai ba, ya zagaya shi, ya tsuguna, sai ya ce turbo nawa aka ce maka? Na ce biyu. Ya ce to ni ɗaya nike gani, kuma wannan walda ce ta bakin titi. Wani bututu ne aka lanƙwasa aka yi mashi faci aka ɗaura turbo a kai, ba bututun baƙin mai da ke shiga cikinta ko ɗaya, ko ramin ma ba a toshe ba, ya sa yatsa ya taɓa fankar ciki tana lilo kaman haƙorin tsoho, cikinta baƙi ƙirin da toka irin ta motar gas. Turbo ɗin wata motar gas ce kawai aka rataya don hoto. Birenbos babu, wayarin an datse shi da almakashi an bar guntaye.

Sai ya sa yara suka kwance bututun gaba ɗaya, suka jawo tsohon 12A na Kawu da ke gefe aka aje su kusa da juna, ya ce zo ka ƙirga da kanka. A tsohon, ramin da hayaƙi ke fita biyu ne, kuma daga jikin gidan rota suke fitowa, wato farin ƙarfen alminiyon. A sabon ramuka ukku ne kuma daga baƙin ƙarfen da ke tsakani da gefe da gefe suke fitowa, jikin alminiyon ɗin a shafe yake. Baba ya ce shi bai san sunan wannan ba amma ba ɗan gidan su wancan ba ne. Ƙaramin yaronshi mai shegen bincike a waya ko minti goma bai yi ba ya gano, injin RX-8 ne, wanda ake ce ma Renesis, motar da Mazda ta yi daga 2003 zuwa 2012, kuma ba ta taɓa fitowa daga kamfani da turbo ba. Duk 13B na RX-7, mai turbo da mara turbo, hayaƙinshi ta jikin gidan rota yake fita rami biyu kaman na 12A, Renesis ne aka maida ma ramukan gefe. Ƙarin shaida, totur ɗinshi na lantarki ne da soket, ba wurin maƙala waya, alhali na RX-7 waya ce ke jan shi daga feda. Shi kuma 13B-REW na gaskiya in ka gan shi ba ka buƙatar a gaya maka, samanshi cike yake da ƙananan tiyo na iska sun sarƙe kaman taliya saboda turbo biyun ba tare suke tashi ba, ɗaya ke fara aiki sai inji ya ɗau wuta ta biyun ta shigo. Wannan namu samanshi fayau.

Na ce to Baba ko shi ɗin ne a lallaɓa a sa, tunda kuɗi sun riga sun tafi. Ya ce bari mu ji ko yana da rai tukun. Wannan gwajin dan Allah ku riƙe shi don ba ya buƙatar na'ura, ya cire fulogi ɗaya daga rota ta gaba, ya sa sifana a babban notin fuli yana juyawa, ya ce in kawo kunne. Kowane juyi ɗaya na fuli fuska ɗaya ta rota ke wucewa, don haka a juyi ukku dole ka ji fuf, fuf, fuf, ukku masu ƙarfi iri ɗaya. Ta gaba ta ba da ukkun amma a sanyaye. Ta baya kau fuf ɗaya, sai shiru, sai shiru. Efeks sil ɗaya in ya karye fuska biyu yake kashewa don shi ke raba su, abin da muka ji kenan. Da aka karkata injin sai ga ruwa mai tsatsa yana bin ramin fulogi, ma'ana ya taɓa ofa hitin har robar da ke tare ruwa tsakanin gidajen ta tafi. Mataccen inji ne da wani ya cire ya yar, aka saye shi a kuɗin kilo aka yi mashi wanka.

Nan take na kira shi na sa a sifika. Wlh ko gezau, ya ce Alhaji me aka rubuta a jiki? Na ce 13B. Ya ce to me na saida maka? Kun ga inda wayon yake, Renesis ma 13B ne a suna, girmansu ɗaya cc 1308, rubutun jiki ɗaya, wanda bai sani ba sai ya rantse abu ɗaya ne. Na ce ina turbo biyu, ina birenbos, ina injin da ke kan shuɗiyar tamfol, sai ya juya wai yaranshi ne suka yi kuskuren lodi, nawa yana nan, in maido wannan in ƙara dubu 400 na sabon dako da kwastam a turo na gaskiyan. Baba ya amshe wayar ya ce, kai yaro ka ji tsoron Allah, ka faɗi shagonka in zo da kaina gobe. Ya kashe. Zuwa magariba ya yi bulokin ɗina ko'ina. Wani abokina da ke Legas ya je layin da ya kwatanta a kasuwar Ladipo ya yi yini guda yana tambaya, ba wanda ya taɓa jin sunan shagon. Bidiyon kuma yaron Baba ya gano shi a YouTube, wani Bature ne ya ɗora shi shekaru da suka wuce, an yanke farkon ne inda fuskarshi ta fito.

Akwai laifina da ya kamata in faɗa, don ko da injin gaskiya ya turo da na sha mamaki. Ya ce mani ɗaurawa ce kawai kwana biyu an gama, ni kuma na hau. Ƙarya ce. 12A na motata ta murfin gaba yake zama a kan mawuntin, shi kau 13B-REW ta ƙarfen baya ake ɗaure shi, sai an ƙera mazauni. Motar kafireto famfon manta mai rauni ne, shi kau sabon mai nozul ne, yana son famfo mai matsi sosai da layin da mai zai koma tanki. Sai birenbos da rewaya wanda ya san abin da yake yi, sai intakula mai sanyaya iskar turbo, sai babban lagireto da kular baƙin mai don rotari zafi gare shi ko a ƙasar sanyi balle Katsina a watan Afrilu da rana ke wuce digiri 40, sai giya da kulochi da za su iya ɗaukar ƙarfin da ya ninka na da fiye da sau biyu. Ga shi yana shan baƙin mai da gangan, akwai ɗan famfo da ke ɗiga mashi a ciki don efeks sil su samu santsi, shi ya sa wasu ke zuba man tu-sitirok irin na janareto ƙarami a tanki. Kuma mai turbo ba ya yafe gurɓataccen fetur, in ya yi ƙwanƙwasa sau ɗaya da ƙarfi sil ya tafi, ku tuna irin man da muke sha a jarka in an shiga wahala. Duk mai ce maka kwana biyu ko bai san injin ba ko ya san kai ne ba ka sani ba. Shi kanshi Renesis ɗin akwai masu sa mashi turbo a waje amma matsin iskarshi 10 ne, na REW 9, turbo kuma ba ta son matsi da yawa, sai ƙwararre da na'urar saiti, ba aikin walda ba ne.

Na je banki na cike takarda, an bi kuɗin an ga akawun na masu POS ne daban daban kuma a ranar da na tura a ranar aka kwashe. Na kai ƙara da duka risit da foyis not ɗin, ana kan bincike. Uwargida ta ji labari a bakin matar maƙwabci kafin in samu ƙarfin halin gaya mata, wannan ma wani babi ne da ba na nan ba.

To ga abin da nike roƙo. Yanzu shafin ya koma tallan injinan Toyota da BMW na tsere amma rotarin na nan cikin hotunan, kuma har yau da shuɗiyar tamfol ɗin nan yake tallata shi. In wani ya ce zai saida maka inji daga nesa ka ce ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ɗora a kan injin, ya kira ka bidiyo kol kai tsaye, ya cire bututun hayaƙi ka ƙirga ramuka da idonka, ya cire fulogi ya juya fuli ka ji fuf ɗin nan ukku a kowace rota, in yana da gejin kwamfureshan na rotari ya nuna maka lamba shidda ba biyu ba, don fuska shidda ce. In sunan akawun ya saɓa da sunanshi ka tsaya. In ya ce wani daga Abuja zai biya gobe ka ce Allah ya sa alheri ya saida mashi. Kuma ka tura mutum, kuɗin motar yaron Baba zuwa Legas da dawowa da abincinshi bai kai ko ninki biyu na kuɗin dakon da na biya ba.

Ɗan'uwan nan na Daura dubu 600 ya tura, Datsun ce tashi tsohuwa ta mahaifinshi, shi ma an ce mashi ɗaurawa ce kawai, na tura mashi hotunan abin da ya iso mani ya tsaya daga nan. Mun san ba mu biyu kaɗai ba ne. Duk wanda aka taɓa tura ma wannan bidiyon, ko ya tura kuɗi, ko aka kawo mashi akwatin katako irin nawa, ya yi mani magana ta inbos da risit ɗinshi, ranar Litinin za mu koma mu ƙara a kan fayil ɗin. Injin kuma yana nan garejin Baba mun rufe shi da buhu an hana yara taɓawa saboda shaida ne, mai son ganin ramukan nan ukku da idonshi ya zo bayan la'asar, na Kawu na gefenshi.